Nata'ala Ya Juya wa Inshora Baya

A cikin Hausawan da ke zaune a Catford babu wanda bai san Malam Nata'ala ba, har wanda bai nemi saninsa ba. Mutum ne da in kuka haɗu a tashar bas, kafin motar ta iso ya riga ya gaya maka an cuce ka a kan takalmin da ke ƙafarka. Karatu ya kawo shi Landan, karatun ya ƙare shi kuwa ya zauna, yana aikin duba tikiti a tashar jirgin ƙasa. Sai dai ba da digirinsa yake taƙama ba. Taƙamarsa ita ce a Kantin Kwari ya tashi, a shagon kawunsa, kuma a faɗarsa tun da aka haife shi ba a taɓa yanka wa abu kuɗi ya biya yadda aka faɗa ba.

"Sirrin ciniki ɗaya ne," haka yake cewa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. "Juya baya. Ka taya, a ce albarka, ka saki kaya ka kama hanya. Kada ka kuskura ka waiwaya. Kafin ka kai bakin layi za ka ji ana Alhaji, zo mana, kawo kuɗin."

Gidan da yake ciki tsohon gida ne da aka raba biyu. Shi da matarsa Karimatu suna sama. A ƙasa akwai Hajiya Awabu, wadda mijinta ya rasu da daɗewa ya bar ta da 'ya ɗaya, Zarah. Aikin kula da tsofaffi take yi, kuma tun Zarah na sakandare ta fara tara mata kayan ɗaki da guminta. Yau ta sayo bargo, wata mai zuwa tukwane, in an yi rangwame ta shiga bas har Edmonton ta ɗauko kafet a shagon Turkawa. Ga atamfofi, ga leshi, ga turaren wuta da wata ƙawarta ta aiko mata daga Maiduguri. Duk ta jibge su a ɗakin baya har sun kusa taɓa silin. Zarah takan ce, "Mummy, it's too much," ita kuwa ta ce mata ta yi shiru, ba za a kai 'yarta ɗaki a ce marainiya ce aka kawo ba. Yanzu ga shi an sa rana, biki ya matso.

Saboda kayan nan ne Hajiya Awabu ta yi wa flat ɗinta inshora, a kamfanin da Nata'ala yake, don shi ya kai ta. Ɗakin bayan nan kuma, ya kamata a sani tun yanzu, daidai ƙarƙashin banɗakin Nata'ala yake.

Wata ranar Lahadi saƙo ya shigo wayarsa daga kamfanin. Inshorarsa za ta sabunta kanta a ƙarshen wata, ba sai ya yi komai ba, kuma kuɗin ya ɗan hau. Nata'ala ya miƙe tsaye da wayar kamar an zagi mahaifinsa.

"Ta sabunta kanta? Wa ya aike ta? A ina aka taɓa ƙulla ciniki mai kuɗi yana barci?"

Karimatu ta karɓi wayar ta duba. "Ai ba kayan gida kaɗai ba ne. Akwai mai gyaran famfo in ta ɓaci, akwai na ɓatan makulli, akwai lauya."

"Lauya! Wa na kashe? Makulli kuma, ni na taɓa ɓatar da makulli?"

"Wanda ya sa muka kwana biyu muna shiga ta ƙofar Hajiya fa?"

"Wannan ajiyewa na yi, wurin ne ya ɓace mini."

Nan take ya kira abokinsa Mijinyawa, direban tasi, wanda ya fi kowa jin daɗin musu da shi. Ya leƙa ƙasa ya ce Hajiya Awabu ta hawo. Ya sa Karimatu ta dafa shayi. Sai da kowa ya zauna sannan ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, ya buɗe murya yadda duk za a ji, ya gyara hula.

Wata mata ce ta ɗauka, mai sanyin murya. Bayan ta tabbatar shi ne, Nata'ala ya tambaye ta da Turancinsa na tashar jirgi nawa ne gaskiyar abin, kuɗin ƙarshe, ba na baƙi ba. Ta ce abin da ya gani shi ne. Ya taya rabi. Ta ce ba ta da ikon yin haka, amma in akwai abubuwan da ba ya so a ciki, za ta iya cire masa su kuɗin ya sauka.

Nata'ala ya rufe wayar da tafin hannu ya ƙifta wa Mijinyawa ido. "Ka ji ko? Ta fara laushi."

Matar ta ce, wanne da wanne zai cire?

"Duka! Cancel everything! Na fasa, na tafi!"

"To, Mista Nata'ala, in haka kake so, kafin in..."

Ƙit, ya kashe. Ya kife wayar, ya harɗe ƙafa, ya ɗauki kofinsa.

Hajiya Awabu ta ce, "Malam, kamar fa ba ta gama magana ba."

"Hajiya, ai nan ne wurin. In kin tsaya kina saurare, sun gane kina so ke nan. Yanzu haka tana can ta ruga ofishin manaja. Ku dai ku sha shayinku a hankali."

Suka sha a hankali. Suka ƙara wani. Can sai wayar ta yi ƙara. Nata'ala ya ɗaga yatsa kada kowa ya motsa, ya bar ta ta yi ta kuka har ta kusa tsinkewa, sannan ya ɗauka a yangace ya ce, "Yes? I am very busy." Sai aka ji muryar ladanin masallacinsu yana tambaya ko Malam Nata'ala ya manta alkawarin da ya yi na kawo injin shara.

Mijinyawa ya ƙware da shayi, sai da Karimatu ta kawo masa ruwa.

Wannan bai sa Nata'ala ya saduda ba. Ya ce babban kamfani ba ya kira a ranar farko, akwai jan aji. Abin da zai gaggauta su shi ne su ga mutum biyu sun fice daga gida ɗaya. Daga ranar Hajiya Awabu ba ta ƙara samun sakat a matakala ba. In za ta fita aiki yana nan, in ta dawo a gajiye yana nan. Ya ce mata kuɗin banza take zubarwa, abin da za ta rage ai ya ƙara wa Zarah saitin kwanuka. Ya ce kwana kaɗan ne, za su kira su biyun su roƙe su, su koma a rabin kuɗi. Ya dafa ƙirji ya ce in wani abu ya faru a tsakani, a kansa.

Hajiya Awabu mace ce mai kunya, kuma maƙwabci ne da suka daɗe tare. Ranar nan a lokacin hutunta a wurin aiki ta kira kamfanin. Da yake ba ta iya katse mutum yana magana ba, ta saurari duk abin da aka karanta mata, aka tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata, har ta yi godiya.

"Na yi cancel ɗin," ta gaya masa da yamma, muryarta ba daɗi. "Sun ce daga ƙarshen wata babu ruwansu da ni."

"Cika baki ne. Haka 'yan Kwari ke cewa ko ka dawo ba za ka same shi ba."

Kuɗin da Nata'ala yake ganin ya ceto tun ba su zo hannu ba suka fara yi masa ƙaiƙayi. Dama ya daɗe yana jin haushin alwala a ƙasar nan, mutum da girmansa ya ɗaga ƙafa ya cusa a wurin wanke hannu kamar ɗan wasan motsa jiki. Ya yanke shawara zai sa ƙaramin famfo a ƙasa-ƙasa, daidai idon sawu, a zauna a kujera 'yar tsugunno a yi alwala cikin mutunci. Ya sayo injin huda bango, ya sayo bututu da kan famfo mai ruwan zinare.

Karimatu ta ce, "Ka kira plumber mana."

"Plumber a Landan? Ƙwanƙwasa ƙofar kaɗai sai kin biya. Me ke cikin famfo? Ruwa ne ya shiga nan ya fita can."

Ya buɗe wani bidiyo da ke koyar da aikin. Da aka kai rabi ya ce sauran duk surutu ne, ya kashe. Ya rufe ruwa, ya yanka bututu, ya haɗa, ya buɗe ruwa. Famfo ya kawo, ga kyau. Sai dai mahaɗar da ke jikin bango ita ma ta kawo nata, ɗis, ɗis. Nata'ala ya yi murmushi, don wannan ciwo ne da ya san maganinsa tun yana yaro. Ya je shagon masu gyaran keke ya roƙi tsohon tub na cikin taya, ya yanka shi siri-siri, ya naɗe mahaɗar tam, ya ƙulle da haƙori. Ɗigar ta ɓace wa ido. Don aiki ya yi tsaf, ya kawo katako ya rufe wurin gaba ɗaya, har da makunnin da ake rufe ruwan gidan da shi, ya bi da ƙusoshi ba adadi, ya shafa farin fenti.

Bayan kwana biyu Karimatu ta ce tana jin ɗis-ɗis a cikin bango.

"Tsohon gida ne, numfashi yake."

Bayan mako guda Hajiya Awabu ta ce ta ga wani tabo a silin ɗin ɗakin kaya, kamar an zubar da shayi. Nata'ala ya sauka da kansa, ya ɗaga kai ya duba, ya ce gumin sanyi ne, duk gidajen Turawa haka suke yi. Sauran fentin nan ya ɗauko ya hau kujera ya shafe mata shi kyauta. Da tabon ya dawo ya fi na da faɗi, ya ƙara masa wani.

Karimatu ta ce, "Don Allah ka kira kamfanin nan, ko mai gyaransu sa turo."

"In kira su? Ni da na juya baya? Wanda ya fara waiwaye shi ya faɗi. Ki bar ni da su, saura ƙiris."

Wayar kuwa ba ta rabuwa da hannunsa. Da ita yake shiga wanka a cikin leda. A masallaci ya ƙi kashe mata murya har sai da liman ya yi masa magana. Mijinyawa ya baza labari, ya zamana gaisuwar Nata'ala a Catford ta sami ƙari. "Malam Nata'ala, ya gida, ya iyali, sun kira?" Har mai sayar da nama, wanda ba Bahaushe ba ne, ya koyi kalmar. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, suna can suna taro a kansa.

Wata ya ƙare, babu wanda ya kira.

Asabar ɗin da ta biyo baya Hajiya Awabu ta sa ranar ganin kaya. Mata suka zo daga Edmonton, daga Croydon, har da dangin ango. Aka kwance ƙulle-ƙulle, aka baje komai a ɗakin baya, aka shimfiɗa kafet ɗin Turkawa aka jera barguna da zannuwan gado a kai. Hajiya Awabu ta sha ɗaurin ɗankwali, tana tsaye bakin ƙofa, bakinta ya ƙi rufuwa. Wannan ranar ta daɗe tana jira. Mazan da suka kawo matansu aka tura su sama wajen Nata'ala, aka bi su da tiren shinkafa.

Da la'asar ta yi, Nata'ala ya tafa hannu. "Jama'a, yau za ku yi alwala irin ta gida. Aikin hannuna ne, ko sisin Bature bai ci a ciki ba."

Aka yi layi a ƙofar banɗaki. Mijinyawa ne a gaba. Ya zauna a 'yar kujera, ya murɗa famfon a hankali kamar mai tsoron maciji.

"Kai, buɗe shi sosai! Ba famfon unguwarku ba ne da sai an lallaɓa."

Mijinyawa ya murɗe shi har ƙarshe. Ya wanke hannu, ya kurkure baki. Yana cikin shaƙa ruwa sai bango ya yi wani irin tari. Katakon ya kumburo kamar cikin wanda ya ci tuwon biki. Sai ruwa ya feso ta kowace kafa, ta gefe, ta ƙasa, ta ramukan ƙusa, ya cire wa wani Alhaji na Croydon hula.

"Ba komai! Iska ce a bututu, yanzu zai daina!"

Bai daina ba. Ruwa ya cika banɗaki ya fito falo ya nufi tiren shinkafa.

"Ina makunnin?" Mijinyawa ya yi ihu.

"Yana nan."

"Ina?"

Nata'ala ya nuna katakon.

"Ka rufe shi a ciki?"

"Don kyau."

Ya ruga ya ɗauko injin huda bango, batir ya mutu. Ya ɗauko wuƙar yanka albasa, ta karye. Ya fizge muciya daga hannun Karimatu ya soka a gefen katakon yana ɓamɓara, muciya ta rabu biyu. Aikin banza ne kawai Nata'ala ya yi da inganci, ƙusoshin nan ko gezau. Alhajin Croydon yana ta tare ruwa da darduma, wani yana kwasa da kwanon miya yana zubawa a baho. A ƙarshe Mijinyawa ya naɗe wando, ya ja da baya, ya sa wa katakon ƙafa. Ya zura hannu cikin ɓaraguzan ya murɗe makunnin. Ruwa ya tsaya.

Daga ƙasa ana jin wata tana rangaɗa guɗa, an buɗe akwatin leshi.

Nata'ala ya share fuska. "Kun gani? An shawo kansa. Ko ƙasa ba su..."

Wani irin rugugi ya katse shi. Guɗar ta tsinke a tsakiya ta koma salati.

Silin ɗin da ya yi makonni yana shan ruwa a ɓoye, yana shan fenti a fili, ya sauko gaba ɗayansa. Da mazan suka isa ƙasa, mata sun watse zuwa tsakar falo, kowace kanta fari fat da farar ƙasa. Ɗakin kaya kuwa ba kyan gani. Baƙin ruwa na tsohon gida ya kwanta a kan barguna, ya jiƙe atamfofi, ya cika tukwane. Kafet ya zama taɓo. Kwalaben turaren wuta sun farfashe, ƙamshi ya gauraye da warin ruɓaɓɓen katako.

Hajiya Awabu ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙin kallo. Ta zauna a kan wani jiƙaƙƙen kwali, ta ɗora wani farin leshi a cinya tana goge shi da gefen mayafinta, tana gogewa yana ƙara baƙi. Zarah ta durƙusa ta rungume ta tana cewa, "Mummy, leave it, ba komai." Amma kowa a wurin ya san da komai. Shekarun da matar nan ta yi tana ɗaga tsofaffi tana kwantarwa ne ke kwance a cikin ruwan.

Ta ɗago ta dubi Nata'ala. Ba da faɗa ba, ba da gatse ba, ta ce, "Malam, sun kira?"

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Karimatu ta zaro wayar daga aljihunsa, ta danna lambar kamfanin, ta buɗe murya, ta danƙa masa.

"Na yi cancel fa," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To ka waiwaya. Ka roƙe su."

Wani saurayi ne ya ɗauka. Nata'ala ya fara kame-kame, shi tsohon abokin cinikinsu ne, an ɗan sami saɓani kwanakin baya, ya san ya soke inshorarsa, amma ga famfonsa ya daɗe yana ɗiga har ya fashe ya sauko da silin ɗin maƙwabciya, ko don zumunci a taimaka.

Saurayin ya ce ya ɗan jira. Aka ji ƙarar maɓallai. "Yallaɓai, inshorarka tana nan daram. Shekaranjiya ta sabunta kanta. Na ga ka taɓa kira kana maganar sokewa, amma an rubuta cewa ka kashe waya kafin a karanta maka sharuɗɗa ka amince, don haka ba a taɓa komai ba. Har mai gyaran famfo na gaggawa kana da shi. Da ka kira tun farkon ɗigar, da an turo maka shi kyauta."

Mijinyawa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Wata daga cikin dangin ango ta toshe baki da mayafi. Wato duk makonnin nan da aka yi ana jiran a roƙi Nata'ala ya dawo, a wajen kamfani ko ƙofar shago bai fita ba.

Shi kuwa sai ga jini ya dawo masa fuska. Ya rufe wayar da hannu. "Kun gani? Dabara ce. Na bar ƙafa ɗaya a ciki da gangan."

"Tambaye shi kayan Hajiya," in ji Karimatu.

Ya tambaya. Saurayin ya ce wannan ya danganta. In bututu ne ya fashe don kansa, babu laifin kowa, to za su biya Nata'ala nasa, maƙwabciya kuma ta nemi tata inshorar. In kuwa shi ne ya jawo ɓarnar da hannunsa, ta hanyar sakaci, akwai sashen da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna, bayan an turo mai dubawa. "Saboda haka ina so ka gaya mini daidai abin da ya faru. Ana naɗar wannan maganar. Wa ya yi aikin famfon?"

Gumi ya karyo wa Nata'ala duk da jiƙar da ya yi. Ga hanya a buɗe, ya ce tsohon gida ne, bututu ya gaji, a biya shi kayansa da suka jiƙe, sunansa na nan. Rabin Hausawan kudancin Landan suna tsaye sun zuba masa ido, ga baƙi daga arewacin birnin. Ya dubi Mijinyawa, wanda zai yi shekara yana ba da labarin nan a tasi. Sannan ya dubi leshin da ke cinyar Hajiya Awabu.

"Ni ne," ya ce.

"Kai ma'aikacin famfo ne?"

"A'a."

"Ka taɓa koyon aikin?"

"Na kalli bidiyo."

"Rabi," in ji Karimatu.

"Half," Nata'ala ya gaya wa wayar.

"Da ka ga yana ɗiga, me ka yi?"

"Na ɗaure shi."

"Da me?"

Mijinyawa ya matso da saurin taimako. "Robar keke. Gaya masa da Turanci, bicycle."

Ya gaya masa. Saurayin ya nemi ya maimaita, ya maimaita. Aka zo kan katako da ƙusoshi, aka zo kan makunnin da aka binne don kyau. Duk inda ya nemi ya tsallake, sai wani a cikin taron ya tuna masa. Hajiya Awabu da kanta, murya a dashe, ta ce, "Fentin fa, Malam."

"Na shafe tabon da fenti."

"Sau biyu," in ji Zarah.

Aka ji saurayin ya yi gyaran murya irin ta mai danne wani abu. Ya ce a gaskiya bai taɓa samun bayani da ya fito fili haka ba, kuma ba ya jin mai dubawa zai sha wahalar gano mai laifi. Ya ce kada a zubar da komai, a ɗauki hoton kowane kaya. Hajiya Awabu ta sauke wani dogon numfashi, sai yanzu hawayen suka zubo.

"Kafin mu rabu, yallaɓai, akwai bayanin da zan karanta maka. Yana da ɗan tsawo."

Sabo mugun abu ne. Babban yatsan Nata'ala ya kama hanyar jan maɓalli da kansa.

"Kada ka kashe!" Gidan gaba ɗaya ya ɗauka, maza da mata, har Alhajin Croydon. Karimatu ta riƙe masa wuyan hannu. Haka Malam Nata'ala ya tsaya cikin ruwa har idon sawu, farar ƙasa na ɗiga masa a hula, ya saurari maganar wani tun daga farko har ƙarshe. Da aka tambaye shi ko ya amince, ya ce ya amince, har ya yi godiya.

An biya mafi yawan kayan, an kai Zarah ɗakinta da sababbin barguna. Turaren wuta ne kamfani ya ce bai san yadda zai yi masa kuɗi ba, sai Nata'ala ya yi ta bin 'yan Maiduguri da waya har ya samo wani, kuma an ce yadda aka faɗa masa haka ya biya, bai taya ba. Hajiya Awabu ta koma ta yi sabuwar inshora ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

Bayan biki da 'yan kwanaki, suna cin abinci da Mijinyawa, wayar ta yi ƙara. Kamfanin ne. Sun rufe maganar ɓarnar, suna kuma sanar da shi cewa saboda abin da ya faru kuɗinsa na baɗi zai hau sosai. Yana so a bar inshorar ta riƙa sabunta kanta, ko a cire?

Nata'ala ya gyara zama, ya buɗe baki. Karimatu ta ajiye cokali ta dube shi.

"A bar ta," ya ce.

Ya jira har aka yi masa sallama, ya ajiye wayar a hankali. Ya kai loma biyu. Sannan ya juya ga Mijinyawa, ya ɗaga gira.

"Ban gaya maka za su kira ba?"